Ƙofar da Bazara Ke Bi Ta Shiga Tibet



Yau nesa za mu je, can tudun Tibet da ke yammacin ƙasar Sin, inda matsakaicin tsayin ƙasa ya haura mita 4,000 daga doron teku. Wanda ya taɓa ganin hotunan wurin, abin da zai tuna bai wuce fili fetal babu itace ba, da iska mai tsaga leɓe, da shanun nan masu gashi har ƙasa da ake kira yak. Hotunan ba su yi ƙarya ba. A watan Maris, har a shiga Afrilu, haka mafi yawan yankin yake, ciyawa a bushe, ƙasa a sandare. Tafkin Namtso, wanda ke kan tsayin mita 4,718, ƙanƙara ce ke rufe da shi a wannan lokaci. Duk wanda aka yi wa daɗin baki aka kai shi can da sunan ganin bazara, hunturu zai biya kuɗi ya kalla.

Sai kusurwa ɗaya tak, ta kudu maso gabas. Sunanta Nyingchi, Sinawa suna cewa Linzhi, mutanen ƙasar kuma tun da can Kongpo suke kiran yankin. A nan, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu, kwari bayan kwari yake cika da furen wata itaciyar daji, 'yar gidan su fich, ɗan itacen nan mai laushin gashi a bawo da ƙwallo ɗaya a ciki. Kada ku kawo lambu a ranku, irin wanda ake jera itatuwa a layi a datse musu kai. Waɗannan na Allah ne, sun tsiro inda suka ga dama, a bakin rafi, a gindin dutse, a tsakiyar gona. Manya ne, wasu sun ɗara bene mai hawa biyu, kututturensu baƙi a murɗe, kuma akwai waɗanda suka shekara ɗaruruwa a tsaye. Furen yana riga ganye fitowa, saboda haka itaciya takan rine gaba ɗayanta ta koma ruwan hoda, wata mai haske har ta kusa fari, wata mai duhu. A ƙarƙashinta ga gonar sha'ir ko alkama da aka shuka tun kafin sanyi, kore shar. A samanta ga duwatsu fari fat da dusar ƙanƙara. Abin da ke kwaso mutane daga Beijing da Shanghai ke nan, su cika jirage.

'Ya'yan itaciyar ƙanana ne, ba su da kasuwa irin ta na lambu, kuma shekara da shekaru ba wanda ya ɗauke ta a matsayin dukiya. A 2002 hukumomin yankin suka fara bikin fure na shekara-shekara, daga nan labari ya canza. Yanzu furen ake sayarwa, ba 'ya'yan ba.

To, me ya sa nan kaɗai? Me ya raba Nyingchi da sauran Tibet? Kogi ne. Idan kun riƙe wannan, sauran abin da zan faɗa duk zai hau kan layi.

Kogin Yarlung Tsangpo yana tasowa ne daga yamma mai nisa, kusa da dutsen Kailash. Yana gangarowa gabas fiye da kilomita 1,500 a bayan tsaunukan Himalaya, yana neman mafita ya rasa, don tsaunukan sun yi masa katanga ta kudu. Sai da ya zo ƙarshen katangar ya samu. A nan ya ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu, Namcha Barwa mai mita 7,782 da Gyala Peri mai mita 7,294, ya yi kwana ya zagaye na farkon, ya faɗa kudu. Kwazazzabon da ya haƙa ya kai tsawon kilomita 500, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 6,000. Da ya shiga Indiya sai sunansa ya koma Siang, sannan Brahmaputra, a Bangaladash kuma Jamuna.

Ƙofar da ruwa ya fita, ta nan iska ke shigowa. Iska mai ɗumi da laima daga tekun Bengal takan bi kwazazzabon ta hauro arewa, ta bazu cikin kwaruruwan Nyingchi. Ita ce ke kawo ruwan sama, ita ce ta raini dazuzzukan da babu irinsu a sauran Tibet. A 2023, a gundumar Bomi, masu bincike suka auna wata itaciya mai tsayin mita 102, wadda ba a san wata da ta fi ta tsawo ba a duk nahiyar Asiya. A Tibet fa, wurin da muka ce babu itace.

Furen ma hanyar iskar yake bi. Wuraren da ke ƙasa su ke fara tohowa, sai abin ya riƙa hawa kwari mako bayan mako. A wuri guda ba ya daɗewa, kwana goma ne ko mako biyu, iska ta kaɗe shi. Saboda haka babu wanda zai iya yi maka alkawarin rana. Shekarar da sanyi ya daɗe, fure ya makara.

Bari mu bi wuraren.

Wanda ya fi suna shi ne ƙauyen Gala, kusa da garin Bayi, hedkwatar yankin. A can aka saba buɗe bikin, a can shugaba Xi Jinping ya tsaya lokacin ziyararsa ta Yulin 2021. Ana biyan kuɗin shiga, an shimfiɗa hanyoyin katako, akwai masu ba da hayar tufafin gargajiya don ɗaukar hoto. Yana da kyau, ba musu. Amma ni dai a ganina, awa biyu ta ishi Gala. Wuri ne da aka gyara domin baƙo, kuma a ganiyar biki kafaɗar mutum za ka fi gani bisa fure.

Inda ya cancanci a kwana shi ne bakin kwazazzabon, wajen garin Pai da ƙauyen Suosong. Ƙauyen yana kan tudu, kogi na ƙasa, Namcha Barwa na tsallake yana kallonka. Wannan dutse yana da rowar fuska. Laimar da ke ciyar da fure ita ce ke lulluɓe shi da gajimare mafi yawan kwanakin shekara, har mutum kan yi kwanaki a gindinsa ya tafi bai gan shi ba. Idan kuwa ya yaye, musamman da la'asar sakaliya lokacin da rana ke dukan ƙanƙararsa, tsininsa kan yi ja kamar an fito da ƙarfe daga wuta. A 2005 wata babbar mujallar labarin ƙasa ta Sin ta zaɓe shi a matsayin dutsen da ya fi kowanne kyau a ƙasar. Ba a taka ƙololuwarsa ba sai a 1992, lokacin da ayarin haɗin gwiwa na Sinawa da Japanawa ya hau, shekara 39 bayan an hau Everest da ya fi shi tsayi.

Daga Bayi, idan ka ɗauki babbar hanya mai lamba 318, wadda ta taso tun daga Shanghai har iyakar Nepal, ka nufi gabas, za ka hau mashigar Sejila mai kusan mita 4,700, inda tutocin addu'a na mabiya Buddha, shuɗi da fari da ja da kore da rawaya, ke kaɗawa ba dare ba rana. Kana gangarawa ka faɗa dajin Lulang. Gaba kuma sai Bomi, wadda kwarin furenta ke miƙewa kilomita da kilomita tare da gonaki da gidajen katako, babu shinge, babu mai hanzarta ka. A nan ne daskararrun kogunan ƙanƙara, irin su Midui, suke saukowa har bakin daji. Ta yamma kuma, a hanyar Lhasa, babban birnin Tibet, akwai tafkin Basum, ruwansa kore, da ɗan tsibiri a tsakiya mai tsohon gidan ibada. Da yake ya fi tsayi, furensa kan makara, kuma wannan makarar alheri ce ga baƙo, za ku ji dalili nan gaba.

Kafin nan, ku ba ni dama in tsaya kan wani mutum da ba a sa hotonsa a takardun talla.

A ƙarni na 19, Turawan Ingila da ke mulkin Indiya sun rasa amsar wata tambaya: kogin nan na Tibet, da ya shige cikin duwatsu ya ɓace, ina yake ɓulla? Shi ne Brahmaputra, ko kuwa Irrawaddy na ƙasar Bama? Tibet a rufe take ga Turawa, don haka 'yan ƙasa suke aikawa a ɓoye. A 1880 wani jami'in safiyo, Kyaftin Harman, ya tura wani tela ɗan Sikkim mai suna Kinthup, wanda bai iya karatu ba, a matsayin baran wani malamin addinin Buddha. Dabarar mai sauƙi ce: a sare gungume, a yi musu alama, a zuba a kogi daga sama, masu gadi a Indiya su zuba ido. Malamin ya cinye guzuri, ya sayar da Kinthup bawa, ya yi gaba. Kinthup ya gudu ya fake a wani gidan ibada, shugaban gidan ya fanshe shi ya riƙe shi yana masa aiki. Ya nemi izinin ziyarar ibada, ya je ya sare gungume 500 ya ɓoye. Ya sake neman izini, ya taka har Lhasa ya sa aka rubuta wasiƙa zuwa Indiya mai ɗauke da ranar da zai fara zubawa. Ya dawo ya zuba, 50 kowace rana, har kwana goma. Babu wanda ke kallo. Rashin lafiya ta riga ta fitar da Harman daga Indiya, saƙon bai isa hannun da ya dace ba. Kinthup ya koma gida a 1884, aka ji labarinsa aka yi shakka, ya koma kan ɗinkinsa. Sai a 1913, da wasu Turawan Ingila biyu, Bailey da Morshead, suka bi sawunsa, suka tarar ƙauyukan da ya lissafa da ka suna nan yadda ya faɗa. Bailey ya nemo shi ya tsufa, ya sama masa ladan rufi 1,000. Bai daɗe ba ya rasu.

Wannan kwazazzabo da ya wahalar da Kinthup, yau injiniyoyi ne a kansa. A cikin tazarar kilomita 50 kawai, kogin yana gangarowa kusan mita 2,000, kuma mai neman wutar lantarki ba zai ga irin wannan ya kau da kai ba. Ranar 19 ga Yulin 2025, firaministan Sin Li Qiang ya ƙaddamar da aikin samar da wutar lantarki daga kogin a Nyingchi: tashoshi biyar a jere, kuɗi yuan tiriliyan 1.2, wutar da ake sa ran samu ta ninka ta babbar madatsar Sin, Three Gorges, kusan sau uku. Beijing na cewa aikin ba zai cuci na ƙasa ba. Indiya da Bangaladash, waɗanda miliyoyin manomansu ke shan ruwan kogin, hankalinsu bai kwanta ba, kuma suna da abin tunawa. A Agustan 1950 girgizar ƙasa mai ƙarfin 8.6 ta auku a wannan yanki. A Afrilun 2000 dutse ya zaftare ya toshe kogin Yigong, ruwa ya taru wata biyu, a Yuni ya ɓalle, ya share gadar Tongmai, ya yi ɓarna har cikin Indiya. Ƙasar nan ba a zaune take ba, har yanzu motsi take. Ban ce kada a gina ba, ba ni da wannan hurumin. Amma wanda ya tsaya a Suosong yana ɗaukar hoton fure, ya kamata ya san abin da ake haƙawa a bayan dutsen da yake kallo.

Zuwa wurin ya yi sauƙi fiye da da. Akwai filin jirgin sama tun 2006, tafiyar kusan awa biyu daga Chengdu, yawanci da safe ake sauka kafin iska ta tashi a kwarin. A Yunin 2021 aka buɗe layin dogo daga Lhasa, kilomita 435, awa uku da rabi, kusan rabin hanyar a cikin ramukan da aka huda a duwatsu. Ba don masu kallon fure kaɗai aka kashe wannan kuɗi ba. Iyakar Indiya na nan kusa, kuma jihar Arunachal Pradesh da ke tsallake, Sin na cewa tata ce. Ƙasashen biyu sun gwabza yaƙi a kan iyaka a 1962.

Wannan ya kawo mu ga takardu. Na san cikin masu sauraronmu akwai 'yan kasuwa da ke zuwa Guangzhou da Yiwu saro kaya, wani zai ce idan na gama lodi sai in leƙa. To, Alhaji, bizar Sin da ke fasfonka ba ta kai ka Tibet. Akwai takardar izini ta daban, ba a ba mutum hannu da hannu, sai ta hanyar kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, wanda zai haɗa ka da ɗan rakiya da mota da jerin wuraren da aka amince ka je. Ba ta, ba za ka hau jirgin sama ko na ƙasa ba. Wuraren da ke kusa da iyaka suna buƙatar ƙarin izini, wasu kuma, irin su Medog da ke cikin kwazazzabon, gundumar da mota ba ta samu hanyar shiga sosai ba sai a 2013, ba a barin baƙo ɗan ƙasar waje. Ga kuma babban cikas. Watan Maris wata ne mai nauyi a siyasar Tibet. A ranar 10 ga Maris na 1959 aka yi boren Lhasa da ya kai ga gudun Dalai Lama zuwa Indiya, a Maris na 2008 kuma aka sake tarzoma. Tun daga nan, shekaru da yawa hukumomi kan dakatar da ba baƙi izini a wannan wata, sai farkon Afrilu a buɗe. Ke nan lokacin da fure ke kan ganiyarsa a ƙananan kwaruruwa, sau da yawa ƙofa a rufe take gare mu. Shi ya sa na ce makarar furen Basum da sauran wurare masu tsayi alheri ce. Ka tambayi kamfanin tun watan Janairu, kuma kada ka sayi tikiti kafin takarda ta fito.

Takarda ta fito, saura jiki. Wurin da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419. Garin Bayi, wanda a Tibet ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa, yana wajen mita 3,000. Lhasa 3,650. A can, kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku yake ba ka na iskar da ka saba samu a bakin teku. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, haki bayan taku goma, duk alamu ne, kuma ciwon ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Idan ya yi tsanani, ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma maganin farko shi ne a sauko da mutum nan take. Shawarar likitoci ita ce, bayan mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya fi na jiya da sama da mita 500. Sannu ba ta hana zuwa. Don haka mai hankali daga Nyingchi yake farawa, ya yi kwana biyu ko uku jiki ya saba, sannan ya hau jirgin ƙasa zuwa Lhasa ya ga fadar Potala, ba ya dira Lhasa kai tsaye ya kwashi kwana biyu a kwance ba.

Akwai gargaɗi guda da ya shafe mu fiye da Basine ko Bature, kuma ba za ka same shi a takardar talla ba: sikila. Ƙarancin iska shi ne ainihin abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai wannan ciwo. Mai SS, wannan tafiya ba tasa ba ce. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, an sha samun irinsa saifarsa ta toshe a wurare masu tsayi, da ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 ko 5 AS ne, da yawa kuma ba su sani ba. Ka yi gwaji, ka zauna da likita, kafin ka biya ko sisi.

Batun ci kuma, abincin ƙasar garin sha'ir ne soyayye da ake kira tsampa, ana kwaɓa shi da shayi mai man shanu da gishiri. Lulang ta yi suna da kaza da ake dafawa a tukunyar dutse. Sai dai Nyingchi ta yi suna da naman alade ma, saboda haka Musulmi ya buɗe ido, ya tambaya. Sauƙin abin, a kusan kowane gari da ke kan babbar hanya akwai gidajen abinci na Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui daga Gansu da Qinghai, masu taliya da naman sa. A Lhasa akwai babban masallaci da aka fara ginawa a 1716, da tsohuwar al'ummar Musulmi da kakanninsu 'yan kasuwa ne daga Kashmir. Alƙibla a can yamma take. Kuma kada agogo ya ruɗe ka: duk ƙasar Sin lokacin Beijing take bi, don haka rana ba ta take tsaka a Tibet sai wajen ƙarfe biyu.

Wanda takarda ta makarar da shi har fure ya zube, bai yi asarar komai da komai ba. Daga Mayu zuwa Yuni gangaren Sejila kan cika da wasu furannin daji, ja da fari da ruwan hoda, waɗanda tun a 1924 masanin tsirrai Frank Kingdon-Ward ya bi yana tattara irinsu yana kaiwa Ingila. Amma kada ya wuce nan. Yuli da Agusta damina ce sosai, Namcha Barwa ya shige gajimare, hanyar Bomi kuma zaftarewar ƙasa kan rufe ta, mota ta kwana a layi.